Satiru 1906: Lokacin da aka ce Annabi Isa ya sauka kusa da Sakkwato

1/ Jama'a, akwai wani gari kudu maso yammacin Sakkwato, tafiyar kilomita 22 ko kusa da haka, wanda aka shafe shi ƙurmus a 1906. Sunansa Satiru. A can ne aka nuna wani mutum aka ce shi ne Annabi Isa da ake jira. Ku gyara zama, labarin na da ɗan tsawo, amma ya shafe mu duka, Musulmi da Kirista.

2/ Musulmi na jiran saukowar Annabi Isa (AS) a ƙarshen zamani. Kirista ma na jiran dawowar Yesu Almasihu. Mun saɓa a kan ko shi wane ne, amma jiran dai kowa na yi. To ta wannan ƙofar ta jira mayaudara suka fi shigowa. Shi ya sa littattafan ɓangarorin biyu suka yi kashedi tun da wuri.

3/ A Linjilar Matiyu sura ta 24 an gargaɗi almajirai cewa mutane da yawa za su zo suna cewa su ne Almasihu, wasu har da abubuwan al'ajabi, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa. A Bukhari da Muslim akwai hadisin maƙaryata kusan 30 da za su fito kafin tashin ƙiyama, kowa na da'awar annabta.

4/ Mu koma Satiru. A Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. A Yulin shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Ku auna yadda zukata suke a lokacin: daular da ta yi kusan shekara 100 ta faɗi cikin 'yan watanni. Mutane da yawa suka ce ai ba makawa, alamun ƙarshen duniya ne.

5/ A 1904 mai garin Satiru, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu a tsare. Ɗansa ya gaje shi, sunansa kuwa Isa. Kun ga inda lissafin ya dosa ko? An san bayan Mahadi sai Annabi Isa. Uba Mahadi, ɗa kuma Isa. Mabiya suka ce magana ta ƙare.

6/ Ana cikin haka, farkon 1906, sai ga wani malami makaho Bazabarme, ana kiransa Ɗan Makafo. Ya gudo ne daga yankin Dosso bayan Faransawa sun murƙushe tawayen da ya shiga a can. Zuwansa ya ƙara wa wutar fetur.

7/ Su wa suka cika Satiru? Talakawa ne manoma, da bayi masu yawa da suka gudo daga gandayen iyayengijinsu, da waɗanda haraji ya isa. Masana tarihi biyu, Lovejoy da Hogendorn, sun nanata batun gudaddun bayin nan a binciken da suka fitar a 1990. Wanda ba shi da mai share masa hawaye, duk wanda ya miƙo masa ƙyalle zai karɓa.

8/ Jinin farko ba na Bature ba ne fa. Mutanen Satiru sun fara afka wa wani ƙauye maƙwabcinsu da ya ƙi bin su, suka kashe mutane. Talakawa irinsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ Ran 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Hillary, ya fita da sojan doki don kamo shugabannin. Mutanen gari suka fito da gatura da fartanya da kwari da baka. Aka kashe Hillary da Scott da Blackwood, Turawa uku, da sojoji baƙar fata kusan 25. Har babbar bindigarsu mai aman harsashi aka ƙwace.

10/ A idon mabiya, hujja ta tabbata: fartanya ta ci bindiga! Sai dai a wannan faɗan aka ji wa Malam Isa rauni, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Wanda ake jira ya kashe Dujal ya shimfiɗa adalci a duniya, ga shi an binne shi. Nan ya kamata kowa ya farka. Amma Ɗan Makafo ya ci gaba da jan ragama.

11/ Ran 10 ga Maris dakarun Turawa sama da 500, da mahayan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, suka dira a garin. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe dubban mata da yara, aka ƙone garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. An kashe Ɗan Makafo a Sakkwato bayan an yanke masa hukunci.

12/ Abubuwa biyu ne a nan, kada mu cakuɗa su. Da'awar ƙarya ce. Zaluncin da ya tura mutane cikinta kuwa gaskiya ne, kuma kisan kiyashin da aka yi musu ba shi da hujja. Har a Landan, Churchill, wanda yake ƙaramin ministan mulkin mallaka a lokacin, ya nuna rashin jin daɗin yadda aka yi.

13/ Kada wani ya ce ai abin na mutanen da ne, ko na Musulmi kaɗai. A Legas, 1959, wani kafinta mai suna Immanuel Odumosu ya ce shi ne Yesu ya dawo. Aka yi masa laƙabi da Jesu Oyingbo. Ya tara mabiya a gida guda, suna aiki a gidan burodinsa da sauran sana'o'insa, ya auri mata rututu. Ya mutu a 1988, rabon dukiyar sai da ya kai kotu.

14/ A Kanungu ta ƙasar Uganda, Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde suka ce ana yi musu wahayi, duniya za ta tashi ƙarshen 1999. Mutane suka sayar da kadarorinsu suka miƙa kuɗin. Duniya ba ta tashi ba. Ran 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwa a cikin majami'arsu. Da gawarwakin da aka tono daga baya, adadin ya haura 700.

15/ To ta yaya ake gane mai ƙarya? Ga misali daga gida. A zamanin jihadi mutane sun yi ta yaɗa cewa Shehu Usman Ɗanfodiyo ne Mahadi. Da ya so, shiru kawai zai yi ya more. Sai ya ɗauki alƙalami ya ƙaryata, ya jera siffofin Mahadi ya auna kansa da su. Cikin hujjojinsa: shi a Maratta aka haife shi, ba a Madina ba.

16/ Ma'auni na farko ke nan: a ɗora da'awa a kan nassi. Hadisin da ke Sahihu Muslim ya ambaci inda Annabi Isa zai sauka, farar hasumiya gabashin Dimashƙa. Matiyu 24 ta kwatanta dawowar Almasihu da walƙiya da kowa zai gani. Babu inda aka ce a wani ƙauye ko wani lungu za a raɗa maka.

17/ Na biyu: abin da ya faɗa ya auku? Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ya sa wannan a matsayin gwajin mai da'awar annabci. Malam Isa ya mutu, Odumosu ya mutu, 1999 ta wuce. Mai gaskiya ba ya buƙatar ɗaga rana.

18/ Na uku: 'ya'yan itacen, kamar yadda Matiyu sura ta 7 ta koyar. Wa ke cin ribar? Gonarka da sadakinka da guminka ina suke zuwa? Na huɗu kuma, wanda na fi ba nauyi: yaya yake yi da wanda ya ce masa a'a? Ku tuna ƙauyen nan na kusa da Satiru. Duk tafiyar da tambaya ta zama laifi a cikinta, ɗauki takalminka.

19/ Nasara ko abin mamaki kaɗai ba hujja ba ne. Ran 14 ga Fabrairu mutanen Satiru sun ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsu, kwana 24 bayan nan babu garin. Addinan biyu sun yarda babban mayaudarin ƙarshen zamani da abubuwan mamaki zai zo.

20/ Me ya sa na kawo wannan yanzu? Mu na yankin Mairuwa, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara mun san tsoro. Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Gonaki da yawa sun gagari masu su. Irin wannan ƙasar ce iri na mayaudari ya fi tsira a cikinta.

21/ Ba lallai ya ce shi Mahadi ne ko Almasihu ba. Yau zai iya zuwa a bidiyon TikTok, da mafarki, da ranar da kaza zai faru, da lambar asusun banki a ƙasa. Malam ne ko fasto, tambayoyin nan huɗu dai su ne.

22/ Idan kuma ɗan uwanka ya faɗa, kada ka fara da dariya ko zagi. Tambayi abin da ya kai shi: bashi ne, ciwo ne, ko an ɗauke masa wani? Mutanen Satiru ba wawaye ba ne, mutane ne da aka toshe wa kowace ƙofa sai guda ɗaya.

23/ Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana. Allah Ya tsare mu daga mayaudara, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu. Amin.