Kakar da Masu Gida Suka Sauko Wajenmu

A watan Yulin 2022 aka rufe gasar Firimiyar Najeriya, ƙungiyoyi huɗu suka gangaro rukuni na biyu: Kano Pillars, Katsina United, Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Mu da muka daɗe muna hidimar ƙananan ƙungiyoyi a gasar NNL, wato rukuni na biyun, ba mu san ko murna za mu yi ko kuka ba. 'Yan jarida dai za su leƙo mu, filaye za su cika. Amma gurbin hawa da Arewa ke samu biyu ne kacal, ga shi manya biyu sun sauko da kuɗin gwamnatocin jihohinsu, kuma ba da niyyar kwana biyu suka zo ba.

Faɗuwar Pillars ba a fili kaɗai ta faru ba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin Firimiya a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta yi dogon zama tana buga wasanninta na gida a Kaduna. Da ta koma filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a watan Afrilun 2022, wasanta da Katsina United ya watse da rikici, aka farfasa motar baƙi. Hukuma ta ci Pillars tara, ta zaftare mata maki. Kimanin shekara ashirin ke nan rabon Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida, da rukuni na biyu, don haka yawancin matasan da ke cika filin ba su ma san yadda gasar take ba.

Gasa ce mai tsohon tarihi. An fara gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. A 1990 aka koma tsarin ƙwararru, shekarar da aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka haifi Pillars. Bayan shekara guda rukuni na biyu ya bi sahu. Daga baya aka raba shi gida biyu, Arewa da Kudu, saboda ba ƙaramar ƙungiyar da za ta iya kuɗin zirga-zirga tsakanin Maiduguri da Fatakwal. Wanda yake son sanin inda manyan jiya suka shiga, to ya duba jadawalinmu. Mighty Jets ta shekara da shekaru a nan. Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na zakarun kofuna a 1988, ita ma nan ta ƙare, wani lokacin ma ƙasa da nan. Waɗannan su ne 'yan gida na gaskiya. Irin su Pillars baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne.

Abin da mai kallo daga nesa ba ya gani shi ne hanya. Wasan waje yana farawa ne tun ranar da sakataren ƙungiya ya fara sintiri a ofis yana jiran a sa hannu a takardar kuɗin tafiya. In kuɗin ya fito da wuri, a tashi da asuba. In ya makara, a cusa 'yan wasa da koci da mai tausa da mai wankin riguna cikin kwasta ɗaya, buhun ƙwallaye a ƙarƙashin kujera, a isa garin mutane da tsakar dare. Mutum uku ko huɗu a ɗaki. Da safe a je taron share fage, kwamishinan wasa ya baje lasisin 'yan wasa a tebur yana duba hoto yana duba fuska, a daidaita launin riga, a tambayi mai gida ko ya tanadi 'yan sanda da motar asibiti. Kullum amsar ita ce ya tanada. Da la'asar yaron da ƙafarsa ta kumbura saboda zaman mota zai shiga filin da rabinsa ciyawa ne rabinsa tsakuwa, yana bin bashin alawus na wasan da ya ci tun watan jiya.

Sai maganar alƙalan wasa, wadda kowa ke yi a ɓoye. Shekaru da dama mai gida ne ke ɗaukar nauyinsu, masauki da abinci da kuɗin aiki. Ba sai an ba mutum cin hanci ba. Wanda ya kwana a ɗakin da ka biya, kuma ya san ta cikin magoya bayanka zai bi ya fita, yana da wuya ya hana ka fenareti a minti na tamanin da biyar. Shi ya sa lissafinmu bai da wahala: ka cinye wasanninka na gida, ka roƙi Allah ya ba ka canjaras ɗaya ko biyu a waje. Kocin da ya dawo da maki ɗaya daga tafiya, tarbarsa ake yi kamar wanda ya dawo daga Hajji.

Inda wannan hali ke kaiwa in ya yi tsanani, an gani a 2013, a wani rukuni da ke ƙasa da namu. A wasannin neman hawa da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, Feeders da Police Machine kowace tana son ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin shekara goma. Duniya ta yi dariya. Mu dariyar ba ta zo mana da sauƙi ba.

Kakar 2023 gajeriya ce, an rarraba ƙungiyoyi ƙananan rukunai don a gama da wuri. Pillars ta riƙe kyaftin ɗinta Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, aka ba Evans Ogenyi horarwa. Duk garin da ta je, filin da ba ya tara mutum ɗari biyu sai ya cika, masu tsire da masu ruwan leda su yi cinikin shekara. Ga yaranmu kuwa ranar ce kasuwarsu, domin wanda ya taka rawa a gaban Pillars yana sa ran wani wakili zai nemi lambarsa.

Hukuncin gaskiya a Asaba aka yanke shi, a filin Stephen Keshi, inda ƙungiyoyi takwas suka haɗu a zagayen da ake kira Super 8. A ganina wannan ne kaɗai lokacin da gasar ke nuna fuskarta: babu mai gida, ga kyamara, ga manyan hukuma a zaune, ana wasa kusan kullum har sai mai ƙarancin 'yan canji ya durƙushe. Pillars da Katsina United suka ɗauke guraben Arewa kamar yadda muka yi tsoro tun farko. Daga Kudu Heartland ta hau, ita ce ma ta ɗauki kofin, tare da Sporting Lagos, wadda Shola Akinlade na kamfanin Paystack ya kafa a 2022. Uku daga cikin huɗun da suka sauko sun koma a shekara guda.

Kada a ɗauka babu ƙwallo a nan. Bayelsa United tana rukuni na biyu ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2021, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta maimaita hakan a 2024 da ta ci Abia Warriors biyu da nema a Legas. Ƙafa akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗaukar nauyi wanda ba ya canzawa in an canza gwamna.

Kuma hawan ma ba kullum a fili ake samunsa ba. Heartland da Sporting Lagos sun sake faɗowa a 2024. A kakar ce Beyond Limits, ƙungiyar renon matasa ta gidan Remo Stars, ta ci gurbin hawa, amma ƙa'ida ba ta yarda mutum ɗaya ya mallaki ƙungiya biyu a Firimiya ba. Gurbin ya koma hannun Heartland, ta ci gaba da zamanta a sama a kakar da ta biyo baya ba tare da ta buga ko wasa ɗaya a wajenmu ba.