Gonakin Arewacin Kano da Tarihin Binciken Haɗin Gwiwa

1.0 Gabatarwa

Wanda ya fita Kano ya nufi Ungogo ko Minjibir ko Gezawa zai tarar gona na bin gona, gida na hangen gida, ba saura, ba daji. Tun zamanin Turawa wannan ƙasa take ɗaure wa masana kai, domin ilminsu ya nuna cewa gonar da ake nomawa kowace damina ba hutu ƙarshenta mutuwa. Ga shi kuwa ba ta mutu ba. Neman dalilin haka yana cikin abubuwan da suka koya wa sassan jami'a aiki tare.

2.0 Mafarin Aikin

A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo. Rahoton ya bayyana yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki. A daidai lokacin ne aka kafa ƙungiyar binciken tattalin arzikin karkara a Samaru ƙarƙashin David Norman, wadda ta tabbatar cewa shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta tsare kai daga asara, ba jahilci ba. A Kano kuma, Kwalejin Abdullahi Bayero ta buɗe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969.

3.0 Abin da aka Gano

Farin 1973 ya ƙara wa tambayar nauyi. Binciken da Frances Harris ta yi a Tumbau a shekarun 1990 ya fayyace sirrin: ana kwashe harawa da kara a ciyar da awaki da tumaki a turke, takinsu ya koma gona, wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙurar hunturu ma tana zuba nata. To, masanin ƙasa yana iya auna takin, amma sanin wanda zai kai shi, da gonar da za a fara kai wa, sai wanda ya fahimci gandu da gayauna, da aro da jingina, da rabon gado. Watau fanni ɗaya ba ya isa. A kan wannan turba Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin noman busassun yankuna a 2012.

4.0 Kammalawa

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Da Hausa aka yi wa manoman nan tambayoyi, da Hausa suka amsa, amma galibin sakamakon da Turanci aka buga shi, jikokinsu ba su san da shi ba. Kalmomin da suka rarrabe jigawa da fadama da shabuwa suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Tattara su da fassara rahotannin aiki ne da ke jiran masana harshe su shiga gona tare da masana noma.