Kaɗo, Bafillace da Bamaguje

Wanda ya shiga kasuwar Yankara, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, zai ji ana cewa wannan Bafillace ne, wancan Kaɗo ne, ga kuma Bamaguje can. Mutane da yawa suna zaton jini ne ya raba su tun fil'azal. Amma in aka bi tarihi, sai a ga mutane ne suka laƙa wa juna sunayen nan, kowanne da dalilinsa.

Kalmar Kaɗo, jam'inta Haɓe, Fillanci ce, watau wanda ba Bafillace ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ta da jihadi cikin 1804, Ummarun Dallaje ya ci Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan da aka kora kuwa suka kafa mulki a Maraɗi. Sai aka riƙa ce musu sarakunan Haɓe, ko da yake cikin jama'ar Shehu akwai malamai Hausawa, irin su Abdussalami Ba'are. Fulanin da suka zauna gari suka yi auratayya da Hausawa, har jikokinsu suka manta Fillanci, amma suka riƙe sunan, don sarauta tana tare da shi.

Shi kuwa Bamaguje, asalin sunansa Larabci ne, watau Majusu. Ran da ya musulunta, ran nan ake ce masa Bahaushe, alhali iyayen da suka haife shi ba su sake ba.

Da Turawa suka ci ƙasar cikin 1903, sai Gwamna Lugga da mutanensa suka dubi hasken fata da dogon hanci, suka ce Fulani iri ne dabam da aka halitta don mulki. Suka rubuta haka cikin littattafansu, suka riƙa ƙidayar mutane kabila-kabila. Abin da a da ake shiga a fita, ya zama kamar shinge.

Shingen nan ya jawo ɓarna. Lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, wasu suka ɗora laifin a kan Fulani duka, har makiyayin da shi ma aka kore wa shanu. A daji kuma, wasu suka ɗauki kowane manomi Kaɗo ne, abokin gaba.

Hausawa sun ce suna linzami ne. To, wanda bai san wanda ya sa masa linzami ba, ina zai san inda ake jansa?