Mallakar Ƙasa da Tarihin Noma a Sin da Ingila

Tsakanin ƙarni na 16 da na 19, gonakin Ingila sun yi ta haɗewa a hannun tsirarun iyalai, na ƙasar Sin kuwa suna ta rarrabuwa, kowane gida da 'yar gonarsa. Masana tarihi da dama suna danganta wannan da dokoki da al'adun mallakar ƙasa: wa ke gado, wa ke iya sayarwa, kuma ko wanda ya rabu da gona zai iya dawowa ya karɓi abinsa.

Cinikin gona tsohon abu ne a Sin. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, gyare-gyaren waziri Shang Yang a masarautar Qin suka halatta saye da sayar da ƙasa. Daga shekarar 485 sarakuna sun gwada raba wa magidanta gonaki, a karɓe idan mutum ya tsufa ko ya mutu. Tsarin ya rushe bayan tawayen An Lushan na 755, kuma a 780 hukuma ta haƙura, ta koma karɓar haraji bisa abin da kowa ya mallaka. Gado kuma raba daidai ake yi tsakanin 'ya'ya maza, don haka gandun da kaka ya tara kan zama gutsattsari kafin ya kai ga tattaɓa kunne.

Abin da ya fi riƙe ƙasa a hannun talaka shi ne cinikin da ake kira dian, wanda Bahaushe zai gane shi da jinginar gona. Manomin da bukata ta kama ya karɓi kuɗin da bai kai darajar gonar ba, ya miƙa ta. Mai kuɗi ya noma, ya ci amfanin. Ranar da mai gona ya kawo kuɗin, ba ƙarin ko sisi, gona ta koma masa. A wurare da yawa al'ada ba ta yanke wa'adi ba, har jika kan fanshi abin da kakansa ya jinginar, idan kuma darajar ƙasa ta tashi mai gona kan dawo neman ciko. Ƙararraki sun yi yawa har daular Qing ta kafa doka a 1753 cewa takardar da ta haura shekara 30 ba ta ambaci fansa ba, a ɗauke ta cinikin yanke ne. Ƙauyuka ba su cika bin dokar ba. A kudu, musamman Fujian da yankin bakin kogin Yangtze, akwai ma gona ɗaya mai iyayengiji biyu: mai "ƙashi" yana karɓar haya, mai "fata" yana noma, yana iya gadar da haƙƙinsa ko ya sayar, kuma ba a korar sa muddin yana biya.

To, wa zai zuba dukiya ya haɗa babban gandu a ƙasar da za a iya fansarta gobe? Sai noman ya koma na zuba ƙarfi a ɗan wuri: dashen shinkafa, ban ruwa, taki har da tunkuzar waken suya, girbi biyu a shekara, mata kuma suna kaɗi da saƙa. Da haka, tare da masara da dankali da suka shigo daga nahiyar Amurka, ƙasar ta ciyar da jama'ar da ta haura miliyan 400 a wajajen 1850.

A Ingila, bayan Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar a 1066, sarki ne mai ƙasa a doka, manya suna riƙe da ita a ƙarƙashinsa. Ƙauye kan noma buɗaɗɗen fili da aka yanka siri-siri, kowa da rabonsa a warwatse, ga makiyaya ta kowa da kowa. Annobar 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, ma'aikata suka yi tsada, aikin dole ga ubangida ya yi ta gushewa. Amma ɗan fari ne ke gadar ƙasa dungurungum, jingina kuma tana da rana: a tsohuwar doka, in ranar biya ta wuce gona ta tafi. Ko da kotuna suka sassauta a ƙarni na 17, mai bin bashi yana iya zuwa a yanke haƙƙin fansa.

Sai shinge ya shigo. Da farko don kiwon tumaki aka riƙa killace filaye, saboda ulu na kawo kuɗi, kuma yana cikin abin da ya tayar da boren Robert Kett a Norfolk a 1549. Daga baya majalisar dokoki ta karɓi aikin: tsakanin 1604 da 1914 ta zartar da dokokin killacewa sama da 5,200, da suka shafi eka wajen miliyan 6.8. An ba masu takarda rabonsu. Talakan da saniyarsa ɗaya ke kiwo a makiyaya, yake yo itace a can, yawanci ya tashi a tutar babu, ya zama ɗan ƙodago ko ya nufi birni. Noma ya tsaya a kan ƙafa uku: mai ƙasa, babban manomi mai haya, da ma'aikacin lada. A irin waɗannan gonaki aka yaɗa juyin shuka na Norfolk, wanda ke sa abincin dabbobi tsakanin alkama da sha'ir maimakon a bar gona ta huta, dabbobi su ƙaru, taki ya ƙaru. A 1851, kimanin ɗaya cikin biyar na ma'aikatan Birtaniya ne kawai ke noma.

Bakin masana bai zo ɗaya ba. Robert Allen, a littafinsa na 1992, ya nuna cewa ƙananan manoma ne suka samar da yawancin ƙaruwar amfanin gona tun kafin guguwar shinge, masu ƙasa kuma suka kwashi ribar ta hanyar ƙarin haya. Kenneth Pomeranz, a 2000, ya jingina fifikon Ingila a kan Sin ga kwal da albarkatun nahiyar Amurka. Taisu Zhang kuwa, a 2017, ya mayar da batun kan dian da girman da dattijai ke da shi a dangi a Sin, ko da matalauta ne. Inda ba gardama shi ne inda ƙasar ta ƙare: ƙidayar masu filaye ta 1873 ta nuna mutum wajen 7,000 ne ke riƙe da kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya da Ayalan.