Magarya da Dungas: yadda gona ta sauya aikin mace da namiji

A ƙauyukan Magarya da Dungas, gundumomi biyu na kudancin jihar Damagaram da ke kan iyakar Najeriya, tsarin da aka gada shi ne gandu. Maigida ke riƙe da babbar gona, kowa ya yi aiki a ciki, daga rumbunta ake ci. Amma matar aure tana da ɗan fili nata, gamana, inda take shuka gero, wake, yakuwa ko gyaɗa, abin da ta samu kuma nata ne. Zamanin da gyaɗa ta yi kasuwa, tun mulkin Faransa har bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, maza ne suka riƙe cinikin buhuna, mata suka riƙe man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Farin 1973 da na 1984 sun karya rumbuna, jama'a ta ƙaru, gonaki suka yi ta raguwa wajen rabon gado. Idan fili ya yi kaɗan, gamanar mace ce farkon abin da ake janyewa. A wasu gidaje an kira hakan kulle, aka jingina shi ga addini, alhali Musulunci ya ba mace rabonta na gado, har da gona. Gaskiyar maganar ita ce filin da za a ba ta ne babu.

Nauyin ciyarwa kuwa bai sauka daga kanta ba. Da rani maza na tafiya ci-rani Kano ko Libiya, mace ta zauna da yara da awaki da adashi. Daga baya matan ma suka kama hanyar Aljeriya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar ƙasar, akasarinsu mata da yara, da yawa daga Kance, maƙwabciyar Magarya.

Ta ɓangaren maza, tun 2008 aka soma makarantun mazaje a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, zancen da a da ake bar wa mata kaɗai. Dokar kason mata ta shekarar 2000 ta ware musu kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, a 2019 aka ɗaga zuwa 25. Wannan doka ba ta taɓa batun rabon gona ba.