Yadda Masassaƙan Damagaram Suke Goge Itace

Matafiyin da ya baro birnin Damagaram ya fuskanci yamma, in ya ci kamar kilomita 50, zai iske Takieta, mararrabar da hanyar Maraɗi ta rabu da wadda ta gangara Matamaye har Kano. Tun zamanin da fatake ke ratsa wannan yanki da jakuna, kasuwanninsa ba su rasa turmi da akushi da allo ba, aikin mutanen da, ko da yake ba su taɓa ganin samfefar kanti ba, sukan bar fuskar itace da sulɓin da hannu zai bi ta kansa ba tare da ya gamu da sartse ba.

Itacen kansa ba a samunsa a banza, domin ana ruwaito cewa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo, saboda albarkar da yake sa wa gona. Don haka masassaƙi yakan nemi ƙirya saboda turmi, aduwa kuma saboda allo da ƙota, kuma abin da aka samu da wahala lalle ba a yi masa aikin gaggawa.

Bayan gatari ya fitar da siffa, sai gizago ya bi, sara ƙanana kusa da kusa, har tudu da kwari su daidaita. Daga nan a kankare da bakin wuƙa a tsaye, ko da fasasshiyar kwalba bayan da kwalabe suka yawaita. Sa'an nan a zo ga abin da na fi ganin hikima a cikinsa, wato ganyen baure mai kaushi, wanda Allah Ya halitta da kaifi a bayansa, ana naɗe shi a yatsu ana bin tsawon jijiyar itacen, in ya lallashe a jefar a ɗauki wani, a ƙarasa da lallausan rairayi a tsumma mai danshi.

A wurin allo ne ake gane gwani, gama alƙalamin gamba ba ya yafe kuskure: in akwai gurbi komai ƙanƙantarsa, nan tawada za ta taru, harafi ya ɓaci, kuma malamin da ke rubuta wa almajiri ayar Alƙur'ani ba zai yarda da allon da ke gurɓata wasali ba. Wannan ya sa masassaƙin allo yake gogewa da natsuwa irin ta mai ibada.

  

A yau masassaƙi yakan sayi samfefar kanti, ya yanka, ya naɗe a guntun katako ko a kara don ta shiga cikin akushi. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙiryar, wadda sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu wadda kaurinta ya isa turmi.