Yadda Talaucin Landan Ya Haifi Ɗan Gantalin Charlie Chaplin

A watan Fabrairun 1914 kamfanin shirya finafinai na Keystone ya fitar da wani gajeren fim mai suna Kid Auto Races at Venice, wanda bai kai minti goma ba. An ɗauke shi ne a wurin tseren motocin yara a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma kusan babu labari a cikinsa. Masu kyamara suna ƙoƙarin ɗaukar tseren, wani ɗan tsurut ɗin mutum kuma ya hana su sakat. Sai ya shigo gaban kyamara ya gyara tsayuwa, a ture shi, ya zagayo ta ɗaya gefen, a hankaɗe shi ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ɗaga 'yar malfarsa kamar wani babban baƙo. Wandonsa burgujeje, kwat ɗinsa ta matse shi, takalmansa sun fi ƙarfin ƙafarsa, ga ɗan guntun gashin baki, ga kwagiri a hannu. Jama'ar da suka taru kallon tsere ba su san ko wane ne ba. Kafin shekara uku da wuya a sami wata fuska a duniya da aka sani kamar tasa.

Mutumin shi ne Charlie Chaplin a shigar Ɗan Gantali, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda ya haɗa wannan shiga a ɗakin ajiye tufafin kamfanin, ana jiransa ya fito a wani fim ɗin, Mabel's Strange Predicament. Ya ce so ya yi komai ya saɓa wa ɗan'uwansa: wando ya yi faɗi, riga ta yi ƙunci, hula ƙarama, takalmi ƙato. Gashin bakin kuwa don ya ƙara masa shekaru ne, domin mai kamfanin, Mack Sennett, ya yi mamakin ƙuruciyarsa, sai ya zaɓi ƙarami wanda ba zai rufe motsin fuskarsa ba. Tufafin dai a rana ɗaya aka haɗa su. Mutumin da ke cikinsu kuwa an fi shekara ashirin ana ƙera shi, kuma a unguwannin talakawa na kudancin Landan aka yi aikin.

An haifi Charles Spencer Chaplin ranar 16 ga Afrilu, 1889. Uwarsa Hannah da ubansa Charles duk mawaƙa ne a gidajen nishaɗin da suka cika biranen Ingila a lokacin, inda leburori da ƙananan ma'aikata ke zuwa da dare su sha giya, su ji waƙa, su kalli masu barkwanci da masu wasan tsalle-tsalle. Uban ya ɗan yi suna, amma giya ta ci ƙarfinsa. Ya rabu da Hannah tun Charlie bai cika shekara uku ba, ya kuma mutu a 1901 da ciwon hanta. Muryar Hannah ta lalace, aikin waƙa ya ƙare, ta koma ɗinki ana biyanta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, tana riƙe da Charlie da wansa Sydney, wanda suke uwa ɗaya uba daban.

A 1896, Charlie yana ɗan shekara bakwai, abin ya gagara. Suka shiga gidan gajiyayyu na Lambeth, irin gidajen da hukumar Ingila ta tanada wa waɗanda suka rasa yadda za su yi, inda ake ba mutum abinci da makwanci a madadin aiki, a kuma raba uwa da 'ya'yanta tun daga ƙofa. Daga can aka tura yaran makarantar marayu da 'ya'yan matalauta a Hanwell. A 1898 Hannah ta sami taɓin hankali aka kai ta asibitin Cane Hill. Ta yi ta samun sauƙi tana komawa, har cutar ta zauna mata gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin wannan mata shi ne abin da ɗan nata ya ce ya koya a wurinta. Idan tana cikin hayyacinta takan zauna bakin taga tana kallon masu wucewa a titi, ta kwaikwayi tafiyarsu da yanayin fuskarsu, ta gaya wa yaran abin da take jin ya faru da kowannensu a gida kafin ya fito. Kuma duk tsananin da suke ciki tana ƙoƙarin ganin 'ya'yanta sun fita da tsabta, suna magana irin ta masu tarbiyya. A nan ne nake ganin asalin Ɗan Gantali. Mabaraci ne a aljihu, amma a ransa mutumin kirki ne da duniya ta juya wa baya na ɗan lokaci. Malfar da kwagirin kayan masu rufin asiri ne na Landan ta wancan zamani. Wanda ya saka su a kan yagaggen wando yana gaya wa duniya cewa ta ƙwace masa komai amma mutuncinsa yana nan. Dariyar daga nan take fitowa, tausayin ma haka.

Sana'ar kuwa a dandamali ya koye ta, da wuya. Yana ɗan shekara tara zuwa goma ya shiga ƙungiyar yara masu rawar takalmin katako da ake kira Eight Lancashire Lads, suka zaga ƙasar. Yana ɗan sha huɗu ya sami matsayin Billy, yaron aike, a wasan kwaikwayon Sherlock Holmes, ya yi shekara biyu da wani abu yana yi, har ya taka dandamalin Duke of York's a tsakiyar Landan a 1905 tare da William Gillette. Amma makarantarsa ta gaskiya ita ce kamfanin Fred Karno, wanda Sydney ya yi masa hanya ya shiga a 1908.

Karno mutum ne mai tsanani, kuma ya san aikinsa. A wancan lokaci doka ba ta ba gidajen nishaɗi izinin nuna cikakken wasan kwaikwayo mai magana ba, wannan haƙƙin manyan gidajen wasa ne. Saboda haka 'yan wasan Karno suka ƙware a barkwancin da jiki ke yi, baki a rufe ko kusan haka. Ana maimaita faɗuwa ɗaya sau ba adadi har sai ta zo daidai lokacin da ya kamata. Wasan da ya fi fito da Chaplin shi ne Mumming Birds, inda yake fitowa a matsayin wani attajiri da ya bugu, yana zaune cikin 'yan kallo na ƙarya, yana katse duk wanda ya hau dandamali, yana faɗowa daga mazauninsa yana komawa, kullum yana ƙoƙarin nuna cewa shi fa lafiyarsa ƙalau. Yaron da giya ta kashe wa uba ya yi suna da kwaikwayon mashayi. Karno ya tura shi Amurka a 1910, ya sake tura shi a 1912. Cikin tawagar akwai wani saurayi mai jiran ko-ta-kwana idan Chaplin ya kasa fitowa, wanda daga baya duniya ta sani da Stan Laurel.

A zagaye na biyu ne Keystone ya neme shi, da albashin dala 150 a mako. Ya isa Los Angeles a ƙarshen 1913, ya tarar da salon da bai dace da shi ba. Finafinan Sennett gudu ne da bin juna, 'yan sanda suna karo da juna, ana jifa da abinci a fuska, a gama fim cikin 'yan kwanaki. Chaplin yana son a tsaya, a bar kyamara a kansa ya yi wasa da abu guda, ko da kofi ne ko ƙofa. Ya yi ta saɓani da masu ba da umarni har aka ba shi dama ya riƙa shirya nasa da kansa kafin shekarar ta yi nisa. Ya fito a finafinai fiye da talatin a 1914 kaɗai.

Kada a ɗauka Ɗan Gantali ya fito da kyawun hali tun farko. A finafinan Keystone mugu ne sau da yawa: yana harbin mutane ta baya, yana damun mata, yana sata ba kunya. Sauyin ya fara ne bayan Chaplin ya koma kamfanin Essanay a 1915 a kan dala 1,250 a mako, ya kuma samo Edna Purviance wadda ta daɗe tana fitowa tare da shi. A fim ɗin The Tramp na wannan shekara ya ceci 'yar wani manomi daga hannun ɓarayi, ya kamu da sonta, sai ga saurayinta na gaskiya ya iso, shi kuma ya tattara ƙunshinsa ya bar gonar. Barkwanci da ya ƙare da rashi baƙon abu ne ga masu kallo a lokacin, kuma sun karɓa. Daga nan kuɗi suka yi ta hauhawa: dala 670,000 a shekara a kamfanin Mutual a 1916, sannan dala miliyan ɗaya a First National don finafinai takwas. A 1919 shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists don su riƙa rarraba finafinansu da kansu.

Da ya sami 'yanci da kuɗi da wurin aiki nasa, sai ya waiwayi Lambeth. The Kid na 1921, wanda ya fara aikinsa jim kaɗan bayan ɗansa na fari ya rasu yana kwana uku a duniya, labarin jariri ne da aka yar, Ɗan Gantali ya tsinta ya raina a wani ɗaki na saman bene. Da yaron ya tasa, sai suka ƙulla sana'a: yaron, wanda Jackie Coogan ya fito a matsayinsa, ya jefi tagar mutane da dutse ya gudu, can sai ga mai gyaran taga yana wucewa da gilashi a baya kamar bai san komai ba. Sai kuma jami'an gidan marayu suka zo suka ɗauke yaron a bayan mota yana miƙa hannu yana kuka, uban riƙon ya bi ta kan rufin gidaje har ya dira cikin motar. Wanda ya shirya wannan ya san ranar da ake raba yaro da nasa, bai ji ta a bakin kowa ba.

Haka yunwa. A The Gold Rush na 1925 dusar ƙanƙara ta rufe shi da wani ƙaton abokin zama a bukka a yankin masu haƙar zinariya, abinci ya ƙare, sai ya dafa takalminsa ɗaya. Yadda ya yi hidimar ne abin kallo. Ya tsame takalmin daga tukunya, ya zuba masa romo, ya raba shi biyu da ladabi, ƙaton ya ƙwace ɓangaren fatar ya bar masa tafin mai ƙusoshi. Ya zauna ya naɗe igiyar takalmin a cokali mai yatsu kamar taliya, ya tsotse ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya kamar ƙashin kaza. Da alewa aka yi takalmin, amma natsuwar da yake ci da ita ta wanda ya san cewa mai jin yunwa ma yana son a gan shi a matsayin mutum ce.

Rayuwarsa ta gida ba ta da wannan kyau, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Matansa biyu na farko, Mildred Harris da Lita Grey, 'yan mata ne masu ƙarancin shekaru ƙwarai a kansa, auren duka biyu ya mutu cikin ɗaci, kuma rabuwarsa da Lita a 1927 ta zama abin fallasa a jaridu. A wurin aiki ma ba shi da sauƙi: yakan sa a maimaita fitowa ɗaya sau ɗaruruwa.

Abin da ya kawo ƙarshen Ɗan Gantali shi ne sauti. Daga 1927, bayan fitowar The Jazz Singer, kamfanoni suka rungumi fim mai magana. Chaplin ya ga haɗarin: mutumin da duk duniya ke ganewa ba tare da tafinta ba, ranar da ya buɗe baki zai zama Bature ɗan wata unguwa. Ya yi taurin kai ya fitar da City Lights a 1931 ba magana, sai kiɗan da ya tsara da kansa, fim ɗin kuma ya yi kasuwa. A Modern Times na 1936, inda injinan masana'anta suka haukata shi, an ji muryarsa sau ɗaya, yana waƙa da wani yaren da ya ƙirƙira wanda ba na kowa ba ne. Bayan wannan ya ajiye Ɗan Gantali.

Da ya yanke shawarar yin magana kuwa, a kan Hitler ya yi, mutumin da aka haifa kwana huɗu bayansa, mai irin gashin bakinsa. The Great Dictator ya fito a 1940, Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna, kuma ya rufe shi da doguwar huɗuba a kan zalunci. Daga nan hukumomin Amurka suka ƙara sa masa ido. Bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasar ba, ana zarginsa da kusanci da 'yan gurguzu, ga shari'ar wata mata da ta ce shi ne uban 'yarta. A watan Satumban 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan don ƙaddamar da Limelight, fim ɗin da ya yi a kan wani tsohon ɗan barkwancin gidajen nishaɗi da tauraronsa ya dushe, babban lauyan gwamnatin Amurka ya soke izininsa na komawa ƙasar. Ya zauna a Corsier-sur-Vevey a ƙasar Switzerland da matarsa ta huɗu, Oona O'Neill, wadda ta haifa masa 'ya'ya takwas. Sau ɗaya ya sake taka Amurka, a 1972, don karɓar lambar girmamawa ta Oscar. Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 1975, ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.